Aikin Wanki da Gyaran Jikin Dabbobi a Asibitin Dabbobi

Gabatarwa

A asibitin dabbobi, ban da likita da mataimakansa, akwai ma'aikacin da ke kula da tsaftar jikin dabbobin da ake kawowa. Shi ne mai yi musu wanka, da taje gashi, da yanke farce, da goge kunne, da cire kaska. A manyan birane yawancin aikinsa a kan karnuka da kyanwoyi yake, amma a ƙananan hukumomi yakan haɗa da karnukan farauta da na makiyaya, da dawaki, da ragunan kiwo. Wannan bayani an shirya shi ne domin mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci cewa wannan aiki ɓangare ne na kiwon lafiya, yana da ƙa'idoji da iyakoki, kuma kuskure a cikinsa yana iya jawo asarar dabba ko ma ran ɗan Adam.

Matsayin Ma'aikacin a Asibiti

Mai gyaran jikin dabbobi yana aiki ne a ƙarƙashin likitan dabbobi. A dokar Nijeriya, binciken cuta da rubuta magani da yin tiyata haƙƙi ne na likitan da ya yi rajista da Hukumar Kula da Aikin Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Saboda haka mai wanki ba shi da ikon yin allura, ko ba dabba maganin sa barci, ko sayar wa mai dabba magani bisa ra'ayin kansa.

Duk da haka matsayinsa babba ne. Likita yakan duba dabba na 'yan mintoci, shi kuwa mai wanki yakan shafe sa'a guda ko fiye hannunsa yana bin jikinta tun daga hanci har wutsiya. Sau da yawa shi ne farkon wanda ke ganin ƙari a ƙarƙashin gashi, ko gyambo a tsakanin yatsu, ko tsutsa a cikin fata. Wajibi ne ya sanar da likita duk abin da ya gani, a kuma rubuta shi a katin dabbar.

Kayan Aiki

Kayan da ake bukata sun haɗa da teburi mai ƙarfi wanda ba ya santsi, da baho ko dakalin siminti mai magudanar ruwa, da mataji da burushi iri daban-daban, da almakashi, da injin aski, da abin yanke farce, da hantsaki domin cire kaska, da tawul, da sabulun wankan dabbobi. Domin kare kai kuwa akwai safar hannu ta roba, da takalmin ruwa, da rigar aiki, da abin rufe hanci da baki, da takunkumin kare mai girma daban-daban, da igiyar wuya.

Dole ne a wanke mataji da almakashi da bakin injin aski, a kuma tsoma su cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowace dabba. Makero da ƙazuwa suna bin kayan aiki daga wannan dabba zuwa waccan, kuma dukansu biyu suna kama mutane.

Yadda Ake Gudanar da Aikin

Matakin farko shi ne tambaya. Ma'aikaci zai nemi katin rigakafin dabbar, ya tambayi mai ita ko tana cin abinci yadda ta saba, ko ta taɓa cizon wani, ko an shafa mata wani magani a kwanakin nan. Dabbar da ke amai ko gudawa, ko ta yi laushi, ko jikinta ya yi zafi, likita ne zai fara dubawa kafin a sa mata ruwa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Selshiyos.

Mataki na biyu shi ne taje gashi tun yana bushe, domin gashin da ya cukurkuɗe ƙara ƙullewa yake yi idan ya jiƙe. Bayan haka sai wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, ana farawa daga wuya zuwa baya, ana kiyaye ido da cikin kunne. A ɗauraye sabulu sarai, domin ragowarsa yana kawo ƙaiƙayi. Omo da sabulun wanki suna busar da fata, saboda haka ba su dace ba. A lokacin hunturu a yi wanka da hantsi bayan rana ta ɗaga, a kuma tsane jikin dabbar da tawul. A lokacin bazara, tsakanin watan Maris da Mayu, kada a ɗaure kare a cikin rana da sunan ya bushe. Kare ba ya fitar da zafi ta hanyar gumi kamar mutum, ta haki yake fitarwa, kuma zafin rana yana iya kashe shi cikin ɗan lokaci. A kan wannan dalili ne ma ake amfani da takunkumin da zai bar shi ya buɗe baki, kuma ba a barin sa da shi na dogon lokaci.

Wajen yanke farce, a sani cewa akwai jijiyar jini a cikin farcen kare da na kyanwa. A farce mai haske ana hango ta ja-ja, a baƙin farce kuwa ba a ganinta, don haka sai a riƙa rage bakin kaɗan-kaɗan. Kunne kuwa wajensa kaɗai ake gogewa da auduga, ba a cusa tsinke a ciki. Kunnen da ke wari ko fitar da ruwa, aikin likita ne. Haka kuma ba a yi wa kare mai kaurin gashi aski ƙwal-ƙwal, domin gashin yana kare fatarsa daga ƙunar rana da cizon ƙudaje.

Kaska, Ƙuma da Sauran Ƙwari

Kaska ita ce babbar matsalar da ake kawo dabbobi dominta, musamman da damina. A jikin kare takan ɓuya a cikin kunne, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin wuya. Ban da shan jini, tana ɗauke da cututtukan da ke sa zazzaɓi da ƙarancin jini. Idan dasashin kare ya yi fari maimakon ja, alama ce ta ƙarancin jini, sai a gaggauta kiran likita. A jikin shanu kuma, wani nau'in kaska mai zane a baya yana da alaƙa da cutar kirci.

Ana cire kaska da hantsaki, a kama ta daf da fata a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan a jefa ta cikin kwalba mai ɗan kalanzir. Kada a murje ta da yatsu, domin wasu cututtukan da take ɗauke da su suna kama mutane. Ya kamata mai dabba ya sani cewa wanka kaɗai ba ya raba dabba da kaska. Macen kaska takan sauka ta saka dubban ƙwayaye a tsagar bango da ƙasa, haka ita ma ƙuma, yawancin ƙwayayenta da tsutsotsinta a makwancin dabbar suke. Sai an share wurin, an wanke shimfiɗa, an toshe tsagogin bango, sannan za a ga amfanin maganin.

Magungunan Wanka da Haɗarinsu

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi bukatar kulawa. Maganin da ya dace da wata dabba yana iya zama guba ga wata. Maganin kaska mai sinadarin amitraz, wanda ake yi wa shanu da karnuka amfani da shi, ba a sa wa doki, domin yana tsayar da aikin hanjinsa har ya kai ga mutuwa. Maganin ƙuma mai sinadarin permethrin, wanda aka yi domin karnuka, yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, kuma yakan kashe ta. Haka nan magungunan wanke ɗaki masu sinadarin fenol suna cutar da kyanwa, domin tana lashe jikinta kuma hantarta ba ta iya sarrafa su. Ko ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya halaka kyanwa.

An hana amfani da maganin feshin gona, da fiya-fiya, da baƙin mai, da kalanzir a jikin kowace dabba. Maganin da likita ya amince da shi kuma, a auna shi daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, domin ƙara masa ƙarfi yana ƙara haɗari. A haɗa shi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu, kuma kada a ci abinci ko a sha taba ana cikin aikin. Dabba mai ciki, da jarirai, da marar lafiya, sai da izinin likita.

Alamun guba sun haɗa da dalalar da miyau, da rawar jiki, da amai, da gudawa, da wahalar numfashi. Idan aka ga haka, a wanke dabbar nan take da ruwa mai yawa da sabulu, a kira likita, a nuna masa kwalbar maganin. Idan ma'aikacin ne ya ji jiri ko ciwon kai ko ganinsa ya dushe, ya tuɓe kayan aikin, ya yi wanka, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Ragowar ruwan magani ba a zuba shi kusa da rijiya ko rafi ko kududdufi, domin yana kashe kifi yana kuma gurɓata ruwan sha. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata man girki ko ruwa.

Cizo da Ciwon Haukan Kare

Babban haɗarin wannan sana'a shi ne cizo da yakushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira, amma ana iya kauce masa gaba ɗaya ta hanyar rigakafi.

Saboda haka ya dace a yi wa duk mai wannan aiki allurar rigakafin haukan kare tun kafin ya fara, tare da ta tetanos. Idan cizo ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Kada a tsaya ga shafa gashin kare ko wani maganin gida. Karen da ya yi cizon a killace shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likita, kada a kashe shi a jefar ko a sayar da shi. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, ko yake dalalar da miyau, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada wani ya sa hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale.

Ana fara yi wa kare rigakafin yana da wata 3, sannan a riƙa maimaitawa bisa jadawalin da likita ya bayar. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a shekarar 1924, tana cikin masu samar da wannan rigakafi. Tun daga shekarar 2007 ake gudanar da Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya a ranar 28 ga watan Satumba.

Dawaki da Raguna

Gyaran jikin doki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma sarautar Shamaki a fadoji tana da asali da kula da barga. Ma'aikacin asibiti yana ɗorawa ne a kan wannan sani. Yakan goge jikin doki da burushi, ya taje geza da wutsiya, ya ƙwaƙule dattin kofato, ya duba gadon baya da gindin ciki inda sirdi da majanyi ke gurzawa. Ana gyara kofato kusan duk bayan mako 6 zuwa 8. Masu shirin hawan salla su fara gyaran dawakinsu da wuri, domin gyambon baya ba ya warkewa cikin kwana biyu.

Game da ragunan layya kuwa, maganin kaska da na kwarkwata yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar, kuma an rubuta shi a jikin kwalba. Wanda ya yi wa rago wankan magani ana gobe salla ya jefa masu cin naman cikin haɗari. Idan lokaci ya ƙure, ruwa da sabulu sun wadatar.

Horo da Cancanta

Yawancin masu wannan aiki suna koyonsa ne a hannun likita a asibiti. Ana bukatar wanda ya iya karatu da ƙidaya domin karanta umarnin magani da auna shi, mai haƙuri, wanda ba ya dukan dabba. Mai son zurfafa ilmi yana iya neman shiga Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da ke Vom, ko Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi da ke Mando a Kaduna, ko kwalejojin aikin gona na jihohi. Akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tura matsalolin da suka fi ƙarfin ƙananan asibitoci.

Nauyin da ke Kan Jama'a da Hukumomi

Ana kira ga masu dabbobi da su riƙa zuwa da katin rigakafi, su faɗi gaskiya game da halin dabbarsu da magungunan da suka riga suka shafa mata, kuma kada su aiko ƙananan yara da kare.

Sassan aikin gona na ƙananan hukumomi su tabbatar da cewa kowane asibitin dabbobi yana da ruwa, da magudana mai ramin tara ruwan magani nesa da rijiya, da kayan kare kai, da kejin killace dabbar da ake zargi, da littafin rubuta duk cizon da ya faru. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen tara mafarauta da makiyaya a ranakun rigakafi, su kuma kai rahoton duk karen da ake zargi da hauka ga jami'in dabbobi da na lafiya mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba.