Kacici-kacici: Daga Gaban Kaka Zuwa Takarda

Tun kafin zuwan boko, dare ne lokacin kacici-kacici. Bayan an ci tuwo, yara kan zagaye kaka, a buɗe da "kulin kulifita", su amsa "gauta". Sai ta jefo: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya kasa cewa tsintsiya sai ya ba da gari. Kaka ta raina Wudil, ta ce sai Kano, sannan ta faɗi amsar.

A 1905 wani hafsan sojan Ingila, Merrick, ya buga wasu kacici-kacici cikin littafinsa na karin magana. Takarda takan ɗauki tambaya da amsa, amma cinikin gari yakan tsaya a tsakar gida. 'Yan'uwa marubuta, a ganina nan aka yi asara, domin a wannan ja-in-jar yaro ke haddace sunayen garuruwa, bakinsa kuma ya buɗe.