Duwatsun Murjani na Sawakin da Hanyar Alhazan Jazira

Gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan cike take da duwatsun murjani, waɗanda Larabawan wurin ke kira sha'ab. Wasu ƙananan halittun ruwa ne ke gina su, suna tara farar ƙasa mai tauri sannu a hankali har ta zama katanga a ƙarƙashin ruwa. Katangar na bin gaɓa, sai nan da can a sami kafa inda jirgi zai kutsa. A ƙarshen ɗaya daga cikin kafofin nan, mai tsawo da ƙunci, garin Sawakin yake zaune a kan tsibiri. Gidajensa ma da murjanin aka gina su, ana sarowa daga teku ana shafe shi da farar ƙasa.

Ta wannan kafa Hausawan yankunan Jazira da Shuɗin Nilu suka riƙa fita zuwa Jidda domin aikin Hajji. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka zama wurin tara guziri. A wancan zamani mutum kan yi shekaru yana cirar auduga kafin kuɗin jirgi su cika, wani kuwa har ya haifi 'ya'ya da jikoki bai ga teku ba. Layin dogo da ya haɗa Sennar da Gadarif da Kasala ya rage wa masu tafiya wahala ƙwarai.

Murjanin da ya kare Sawakin daga igiyar ruwa shi ne kuma ya durƙusar da ita. Manyan jiragen da suka yawaita bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 ba sa iya juyawa cikin kafar, don haka Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a arewa a 1905, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka ƙaura, aka bar wa Sawakin alhazai da wurin killace su don gudun annoba.

A wancan zamani, wanda ba shi da takardu ko kuɗin babban jirgi sai ya nemi sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska. Matuƙansa sun fi son tafiya da rana tsakanin duwatsun, suna gane zurfi da launin ruwa, amma mai fakewa daga hukuma dole ya tashi cikin dare. Wannan ne mataki mafi haɗari a duk tafiyar, kuma talakawa ne suka fi ɗanɗana shi.

Da aka daina gyara, gishiri da danshi suka ci gidajen tsibirin, akasarinsu suka rushe. A 1991 aka buɗe tashar Usman Digna a Sawakin, jiragen fasinja suka ci gaba da zirga-zirga zuwa Jidda.