Daga Linzamin Roka zuwa Horon Na'ura

Duk wanda ya bi silsilar ilmin da ake horar da na'ura da shi a yau, wato ragar jijiyoyin da aka kwaikwayo daga ƙwaƙwalwar ɗan Adam, zai tarar isnadinsa bai tsaya ga masana kwamfuta ba, sai da ya dangana ga mutanen da babu abin da ya dame su face yadda za su sa wa roka linzami. A shekarar 1956 ne Lev Pontryagin, malamin hisabi na Rasha wanda makanta ta same shi yana ɗan shekara 14 sakamakon fashewar risho, ya fitar tare da almajiransa da ƙa'idar da ke bayyana sharuɗɗan hanya mafi dacewa ga abin da ake tuƙawa.

A Amurka kuwa, inda tseren sararin samaniya ya hana hukuma barci tun harba Sputnik a 1957, Henry Kelley a 1960 da Arthur Bryson a 1961 suka tunkari mas'alar ta fuskar aiki. Hikimarsu ita ce, idan lissafi ya nuna roka za ta kauce wa maƙasudinta, sai a ɗauki kuskuren ƙarshe a komo da shi baya daki-daki, kowane zango na tafiya a ɗora masa gwargwadon laifinsa, sa'an nan a gyara tuƙi a sake gwadawa, har karkata ta miƙe. To, ragar jijiyoyi ma hawa-hawa take, kuma abin da zango yake ga roka shi ne hawa ga raga, amma aka shekara fiye da ashirin kafin wannan kamanci ya zama sananne.

Rumelhart da Hinton da Williams ne suka shahara da amfani da wannan hanya ta komo da kuskure baya wajen horon raga a 1986, ko da yake Seppo Linnainmaa na Finlan ya riga su rubuta lissafinta a 1970, abin da adalci ke wajabta ambatonsa. Da masu bincike huɗu na Toronto suka mayar da hawan raga tafiya guda marar yankewa a 2018, ga littafin Pontryagin da almajiransa suka jingina hanyar horonsu.