Daga Kuɗin Fito zuwa Duwan: Harajin Kayan da Nijar ta Aika Ƙetare

Kalmar fito a asalinta aikin mai kwalekwale ce, wato ƙetarar da mutum da kayansa daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuɗin fito kuwa ladansa ne. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa har ta haɗa da abin da hukuma ke karɓa a kan kayan da suka ƙetare iyaka. Duwan kuwa baƙuwa ce, Turawan Faransa suka zo da ita.

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayari kan tashi daga Zinder da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus, inda ake loda kayan a jirgin ruwa zuwa Ingila da Faransa, fatun kuma har Amurka. Babu rubutacciyar ƙa'ida. Madugu kan yi gaisuwa ga sarkin kowace ƙasa da ya ratsa, ya kuma biya Buzayen da ke tsaron hanya, sa'an nan a ƙara duk wannan a kan kuɗin kaya. Hanyar ta mutu bayan 1911, shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano.

Daga nan kaya suka juya kudu, iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1906 ta zama abin lissafi. Gab da yaƙin duniya na farko Faransawa suka jera ma'aikatan duwan a kanta, amma iyaka ce mai tsawo, ga dangi a kowane ɓangare, abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba. A 1918 aka ɗage shingen.

Gyaɗa, wadda mutanen yamma ke ce wa gujiya, ita ta mai da maganar haraji babba. A 1933 Faransa ta ɗora haraji a kan 'ya'yan mai da ke shigowa ƙasarta daga ƙasashen da ba nata ba, domin ta kare amfanin gonar ƙasashen da take mulka. Saboda haka buhun da aka auna a Maraɗi ko Magarya, ko da ya bi jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, yana shiga Marsai a matsayin kayan Faransa muddin takardarsa ta nuna asalinsa, ya kuma sami kuɗin da ya ɗara na kasuwar duniya. Takardar ce ke da daraja, gyaɗar dai iri ɗaya ce. Manoman bakin iyaka sun gane haka da wuri: in kuɗi ya fi kyau a arewa sai gyaɗar Katsina da Daura ta kwana a Nijar ta wayi gari 'yar ƙasa, in ya fi kyau a kudu jakuna su juya.

Bin Ikko yana cin fam na Ingila, abin da Faransa ba ta so. A 1953 aka soma shirin da aka laƙaba wa sunan tsattsewa, wato Hirondelle: kamiyo ya ɗauko kaya daga Paraku zuwa Nijar, ya koma da gyaɗa, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita kilomita 438 zuwa Kwatano. Hanyar ta fi nisa, ta fi tsada, sai da aka tallafa mata kafin ta tsaya da ƙafarta. Amfaninta ya fito fili lokacin yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, da sufuri ya dagule a kudu.

Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962, aka ba ta ita kaɗai ikon fitar da gyaɗa, harajin fitarwa kuma ya zama ɗaya daga ginshiƙan baitulmali. Sai dai shigar Faransa kasuwar tarayyar Turai ta tilasta mata janye fifikon, ya ƙare wajen 1967. Fari ya biyo baya a 1973, cutar gyaɗa a 1975, yuraniyom ɗin Arlit kuma ya karɓe matsayin gyaɗa a littafin duwan.