Garka, dandali da riƙon maraya: tarihin taimakon kai da kai a Gesheme da ƙasar Arewa

 

A ƴan shekarun nan muna yawan jin labarin ƙungiyoyi masu zuwa da ayyuka uku a haɗe: a kafa garka, a koya wa yara sana'a da kiɗa da wasa, a tallafa wa marayu da yaran da iyayensu ba su da ƙarfi. Wasu na ɗauka wannan baƙon abu ne da ya shigo mana cikin mota. To tarihin ƙasar nan bai ce haka ba. Duka ukun mun gaje su, kuma a haɗe muka gaje su. Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda suka taso, da yadda suka rabu, da dalilin da ya sa wata garka ke kai shekara talatin wata kuma ta mutu da tafiyar wanda ya kawo ta.

Ƙasar da muke zaune kanta

Gesheme, a ƙasar Takatsaba, tana cikin Dallol Mawri. Dallol ɗin nan tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru. Ya gangaro daga arewa, ya bi ta Dutsi da Tibiri, ya haɗu da Dallol Foga kafin ya kai kogin Isa a wajen Gaya. Ruwan bai tafi duka ba, ya koma ƙarƙashin yashi ne. Shi ya sa mutumin tudu zai yi ta haƙa har ya gaji, mu kuwa akwai wuraren da gaba biyu ko uku sun isa a tarar da ruwa. Shi ya sa kuma rogo da dankali da rake da mangwaro ke yi a fadamunmu, ga goruba da giginya. A shekarar 2004 an sa Dallol Mawri cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Mu dai tun kafin takarda mun san darajarsa.

Gandu, gayya da dandali

A zamanin kakanninmu gida ɗaya na iya ɗaukar mutum talatin ko fiye, kowa na aiki a gandu ƙarƙashin mai gida, hatsi ya shiga rumbu guda. Wannan tsari shi ne asusun marayu na wancan lokaci. In uba ya rasu, ƙanensa ko wansa ya ɗauki ƴaƴan, ko gwaggo ta karɓi ɗiya riƙo har ta aurar da ita. Yaro bai canza rumbu ba, balle ya rasa tuwon dare. Da Musulunci ya yi ƙarfi sai zakka ta ƙaru a kai, dami ɗaya cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi. Ba mu ce kowane ɗan riƙo ya ji daɗi ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da labarin marainiya da kishiyar uwa, kuma ba banza aka yi su ba. Amma gari ya san wanda alhakin yaro ke wuyansa, in ya yi sakaci akwai mai tsawata masa.

Gonar da ta fi ƙarfin mai ita, kamar ta tsoho ko ta matar da mijinta ya rasu, gayya ake kira mata. Gayya kuwa ba ta tafiya sai da makaɗa. Mai ganga na bin bayan manoma yana kiran kowa da kirarinsa, wanda ya yi sanyi a zuga shi. Kun ga ke nan kiɗa wani ɓangare ne na aikin gona. Da dare kuma, lokacin farin wata, dandali ne makarantar yara: waƙa, rawa, kacici-kacici, kokowa, kwaikwayon manya. Sana'o'in hannu su ma a gida ake koyonsu. Ɗan maƙeri na zuga, ɗan masaƙi na kallon ƙafar ubansa, ɗiya na koyon tabarma da faifai da kabar goruba wajen uwarta. Yaron da ba shi da gonar gado, in ya samu sana'a, ya samu abin riƙe kansa.

Zuwan Turawa

A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa tana ƙone garuruwa, har ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Bayan ƴan shekaru mulkin Faransa ya zauna. Abu biyu suka fi taɓa gandu: haraji da aikin tilas. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa sai an fita nema, to daga nan cin rani ya fara zama dole ga samari. Aikin tilas kuma yana kwashe majiya ƙarfi, wani lokaci a tsakiyar damina, kuma ba a soke shi ba sai a 1946.

A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, aka yi yunwar da ta kashe mutane masu yawa, ga haraji ba a sassauta ba. Bayanta Turawa suka tilasta wa kowane gari ya ajiye hatsi a rumbunan tsimi. Dabarar ba ta da laifi, amma da yake da bulala aka kawo ta, kuma makullin ba ya hannun talaka, mutane suka tsane ta. Ku riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da irinsa a gaba.

Samariya

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa ƙungiyoyin manoma, aka kuma buɗe kulob-kulob na sauraron rediyo a 1962, inda mutanen ƙauye ke taruwa su saurari shiri su tattauna. Sai farin 1973 ya zo ya kashe dabbobi ya wofintar da rumbuna. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya karɓi mulki, kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar har da yadda aka yi da taimakon abinci.

Kountché ya ɗauki tsohon tsarin samari na gargajiya, mai sarkin samari da muƙarrabansa, ya mai da shi ginshiƙin aikin ƙasa. Samariya ta gina azuzuwan lakwal, ta share gari, ta shuka itatuwa, ta yi gonakin gayya. A gefe guda kuma ta riƙe wasa. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, sannan bikin matasa na ƙasa ya riƙa zagaya manyan garuruwa, kowace ƙungiya sai ta yi nasara a matakin ƙasa-ƙasa kafin ta wakilci jaharta da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Yaran ƙauye da yawa a nan suka fara tsayawa gaban jama'a su yi magana ba tare da kyarma ba. Yazi Dogo, wanda wasanninsa na kwaikwayo suka shiga kowane gida ta rediyo da talabijin daga Damagaram, ɗan Dutsi ne kuma malamin lakwal. Tarihinmu ma ya shiga hannun masu fasaha: Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Shekarar El-Buhari da noman rani

Damina ta 1984 ba ta yi ba. Abin ya haɗu da rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi a watan Afrilu na wannan shekara, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar da sunan El-Buhari. Ga mutanen da Kangiwa da Argungu da Birnin Kabi suka fi musu Yamai kusa, rufe iyaka rufe rumbu na biyu ne. Gwamnati ta ga ba ta iya ciyar da kowa da buhu, sai ta yi shelar noman rani a duk inda ruwa yake kusa. Aka ware filaye, aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri. Kayan lambu irin su salati da shu da karoti da dankalin Turawa, wanda muke ce wa kwambitar, a lokacin ne suka bazu a ƙauyuka da yawa. Mata da yara su suka fi ɗaukar nauyin ban ruwa, da wasaki da bokiti, safe da yamma.

Garkunan nan sun ceci rayuka, wannan ba gardama. Amma da damina ta gyaru, da yawa suka koma fili. Dalilan a bayyane suke. Wasu a filin aro aka kafa su, da mai fili ya ga ƙasa ta yi kyau sai ya karɓe abinsa. Wasu rijiyar ce ta rufta ba a san wanda zai gyara ba. Wasu shinge ya mutu awaki suka gama da su. Wasu kuma kowa ya shuka abu ɗaya ya girbe rana ɗaya, tumatir ya ruɓe a kasuwa. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda mai su ya san tasa ce, ya ga kuɗi a ciki, ya koya wa ɗansa. Daga irin waɗannan ne Dutsi ta zo ta yi suna da kwambitar har a kasuwannin Yamai.

Bayan taron ƙasa

Kountché ya rasu a 1987. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu, samariya ta watse, domin a idon mutane da yawa ta zama ƙafar gwamnatin soja. Gaskiya ne akwai tilas a cikinta, kuma akwai waɗanda suka ci da gumin samari. Sai dai da ta faɗi, babu abin da ya maye gurbinta a ƙauye. An buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a 1989, amma a Yamai take, yaron Gesheme ba ya kai can. Darajar sefa ta karye a 1994. Gandu ya ci gaba da rarrabuwa, kowa da ƴar gonarsa da tukunyarsa. Jama'a kuma na ƙaruwa: ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta samu fiye da miliyan 17, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Kawun da a da yake ɗaukar marayu uku ba tare da ya ji ba, yau nasa ma da ƙyar.

A nan ne abubuwan uku suka rabu. Garka ta zama aikin ma'aikatan noma, wasa ya zama na ranar biki, maraya ya zama na wanda ya ga dama. Ƙarancin abinci na 2005 ya nuna mana wanda ke biyan kuɗin wannan rabuwa: ƙananan yara ne suka cika wuraren jinyar tamowa. Wasu kuma aka tura su almajirci ƙetaren iyaka ba guzuri, suka ƙare da kwano a tasha.

Inda muke yau

Tsarin mulki ya matso kusa da mu. An kafa komin-komin a 2002, aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi a 2004, sannan a 2011 Tibiri ta zama gunduma, Gesheme ta koma ƙarƙashinta. Injin ban ruwa da foraj da fanfon hasken rana sun rage wahalar guga. Iyaka kuma ta sake rufewa, a 2019 da kuma 2023, ta tuna mana cewa abin da muka shuka da hannunmu shi ne ba a rufewa.

To duk ƙungiyar da ta zo da garka da koyon fasaha da tallafin yara, ta gida ce ko ta waje, muna yi mata maraba. Amma tarihin nan ya ba mu tambayoyin da ya kamata mu yi tun ranar farko. Filin na wane ne, kuma an rubuta a gaban mai gari da magajin gari? In injin ya lalace, daga wane asusu za a gyara? Cikin fangali goma, nawa aka ware wa tukunyar yaran da ba su da kowa? Wa zai koyar da su, an nemi maƙeranmu da masaƙanmu da masu goge da gurumi tun suna raye, ko sai an ɗauko wani daga nesa? Yaran da kansu, suna zuwa lakwal da makarantar allo, ko mun mai da su ƴan ban ruwa kawai? Sannan ƴan mata na ciki?

Ba sai mun jira kowa ba kafin mu fara. Lakwal mai rijiya na iya kafa lambu, iyaye su yi shinge, zogale da yakuwa su shiga abincin yara. Unguwa na iya ware dare ɗaya a mako ta zaunar da tsofaffi da yara a dandali. Masu cin rani da ke karanta mu na iya haɗa jika-jika su sayi iri da waya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa.