Babba Juji Ne: Mawaƙi, Zambo da Haƙurin Masu Mulki

Tun zamanin kaka da kakanni, al'ummar Hausawa ta keɓe wa mawaƙi da maroƙi da ɗan kama wani fili na faɗin abin da sauran jama'a ke jin nauyin furtawa. Makaɗin fada yakan yabi sarkinsa, ya yi wa abokan hamayya zambo, wani lokaci ma ya sako habaici ga ubangidan nasa idan ya ga hannunsa ya ƙi buɗewa. A Galma da Madawa da Buza da Keita, kamar sauran sassan Nijar, wasan barkwanci tsakanin ƙabilu yana nan daram: Buzu ya tsokani Bazabarme, Bafillace ya tsokani Babarbare, a yi dariya a watse. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam. Hikimar da ke ciki ita ce a koya wa mutum jin magana mai zafi ba tare da ya zaro wuƙa ba.

Idan muka waiwayi Kano, za mu ga yadda filin ya ƙuntata. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta. A shekarar ce aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro, sannan a ƙarshen shekarar aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukunci kan fim ɗinsa Tsintsiya, shi da ya tsaya takarar gwamna a 2007. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ala kan waƙar Hasbunallahu. A takarda, laifin akasari rashin izinin hukuma ne. A bakin jama'a kuwa, siyasa ce. Abin lura, waƙoƙin da aka hana sun ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, har waɗanda ba su san da su ba suka shiga nema.

Ba hukuma kaɗai ke ɗaga bulala ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga sana'ar saboda wani bidiyon waƙa, bayan surutun jama'a ya yi yawa. A 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, don sun yi wa Gwamna Abdullahi Ganduje ba'a.

Babu mai musun cewa magana zarar bunu ce, kuma ƙazafi da cin mutunci suna da hukuncinsu. Sai dai a da, wanda aka yi wa zambo yakan nemi makaɗin da zai rama masa, ko ya toshe bakin mai zambon da kyauta. Raba mutum da abincinsa saboda kalma ɗaya yana koya wa sauran mawaƙa yabo kawai, shugaba kuma ya rasa mai gaya masa gaskiya.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu su ke da nauyin koya wa yara bambanci tsakanin zambo da ƙazafi, su kuma tuna wa manya cewa babba juji ne.