Inda ake neman takardun hukuma a Ɗanzomo

Mutumin Ɗanzomo da ke neman takardar shaidar asali yakan fara ne daga wajen mai unguwa ko dagaci, domin su ne ke tabbatar da cewa ɗan gari ne, kafin sakatariyar ƙaramar hukumar Sule Tankarkar ta ba shi takardar. Rashinta kan jawo wa matashi asarar gurbin karatu ko aikin gwamnati.

Takardar haihuwa kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, bisa dokar 1992. Wanda ba a yi wa rajista ba yakan je kotu ya yi rantsuwar shekaru.

Batun filaye ne ya fi sarƙaƙiya. Dokar 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar riƙon gona a karkara, yayin da filayen birane ke hannun gwamna, a Dutse.

To sai dai a 1991 aka cire Jigawa daga jihar Kano, don haka tsohon fayil na iya kai mai nema har Kano. Bayanan masarautar Gumel na zamanin Turawa kuma, ana neman su ne a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.